Hamonika ta toshe, katakon ya kumbura: a gyara ko a jefar?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka har sau biyu. Kace hamonikarka, wato ƙaramin abin kiɗan nan da ake hurawa ana zuƙa da baki, mai rami 10 ce, ki ɗin C (sautin da aka saita ta a kai), irin mai katako a tsakiya, wajen wata takwas kenan kana koyo da ita. Rami na 2 in ka zuƙa sai ya fito a shaƙe kamar an riƙe masa maƙogwaro, na 4 shima a zuƙa sautinsa ya sauka baya tafiya da sauran, na 8 kuma in ka hura shiru kake ji. Sai wani ya baka shawara ka jiƙa ta a ruwa, ka jiƙa, tayi daɗi na kwana ɗaya, yanzu katakon ya kumburo yana yankar maka leɓe. Shine kake tambaya ko ka haƙura ka sayi wata.

Kar ka jefar. Abu huɗu ka lissafo kuma kowanne ciwonsa daban, a cikinsu guda ɗaya ne kawai nake tsoron ya mutu da gaske, wato na 4. Sauran ukun in sha Allah da hannunka zaka gyara. Amma dan Allah kafin ka ɗauko magagari ko samfefa ka bi su bi da bi, daga wanda baya buƙatar taɓa ƙarfe zuwa wanda yake buƙata, domin duk abinda ka kankare daga jikin tagullar nan ya tafi kenan baya dawowa.

Bari ka fara sanin abinda ke ciki tukun. In ka cire murafen biyu zaka ga faranti biyu na tagulla, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sun sa wani abu mai haƙora a tsakiya wanda muke ce wa kum saboda kamarsa ɗaya da kum ɗin taje kai. Kowane faranti yana da tsaga 10, kowace tsaga da ɗan siririn harshe a kanta, an kafe gindinsa da ƴar ƙusar da ake ce wa ribit an bar bakinsa yana lilo. Harshe 20 kenan gaba ɗaya. Na sama sune na hurawa kuma ta ciki suke, zaka hango su ne ta cikin tsagar. Na ƙasa sune na zuƙa, su a waje suke, kana cire murfi zaka gansu a fili. Harshen nan shiga da fita yake yi a cikin tsagarsa yana datsa iska, datsawar nan ita ce sautin da kake ji. To duk wata matsalar hamonika bata wuce ɗayan waɗannan: wani abu ya tokare harshen, ko tazararsa da faranti ba daidai ba, ko iska tana zurarewa ta wani wajen, ko harshen kansa ya gaji, ko kuma bakin mai busawar ne.

Na 2 ɗinka kuwa, gaskiya zan gaya maka, kusan duk wanda ya taɓa kawo min sabuwar hamonika yace rami na 2 ya lalace, in na karɓa na goge na zuƙa lafiya lau take fita. Baki ne. Dalili kuwa, a ramin nan harshen hurawa E ne, na zuƙa G, akwai fili sosai a tsakaninsu, kuma duk ramin da yake da irin wannan filin sautinsa yana saurin lanƙwasawa ƙasa in ka matse cikin bakinka. Mai koyo yana tsuke leɓe ya ɗaga bayan harshensa ya ja iska kamar mai shan kunu da tsinke, to bendin (lanƙwasa sauti ƙasa) yake yi bai sani ba, shi yasa sautin ke fita a shaƙe. Ga gwajin da zakayi yanzu: ka buɗe baki ka haɗa rami 1, 2 da 3 ka zuƙa su tare a hankali, muƙamuƙi a sake kamar mai shirin hamma, hamonikar ta shiga cikin baki sosai ba a bakin leɓe ba. In kaji sauti uku suna tashi tas, harshen lafiyarsa ƙalau. Daga nan sai ka dinga rage faɗin bakin kaɗan kaɗan har ya rage na 2 shi kaɗai, ba tare da ka canza komai a maƙogwaro ba. Kana iya barin iska kaɗan ta bi ta hanci da farko, yana taimakawa. Sannan ka sani rami na 3 in ka hura shima G ne, sauti ɗaya ne da na 2 a zuƙa, sai ka dinga gwada su kana jin ko sun yi daidai. Wannan sati biyu ko uku na haƙuri yake so, sukudireba ba zata yi maka komai a nan ba.

Na 8 da ya ɗauke gaba ɗaya, wannan datti ne kusan ko yaushe. Harsunan can sama gajeru ne ƙanana, tsakaninsu da bangon tsaga ko gashi baya wucewa, to silin gashin baki ɗaya, ko zaren aljihu, ko ɗan ɓarɓashin gyaɗa ko goro ya isa ya kashe ramin. Mu kuma ga ƙurar hunturu, ta haɗu da yawu ta bushe ta zama kamar siminti. Fara da buga ta a tafin hannu ramukan suna kallon ƙasa. In bai tashi ba ka cire murfin sama, ka ɗaga ta a haske ka leƙa tsaga ta 8, yawanci zaka ga abin da idonka. Ka sa tsinken sakace ka ɗan danna harshen ciki ka sake shi, ko ka zura ƴar takarda mai tsabta a gefensa ka ja ta daga gindi zuwa baki. Ko da yaushe daga gindi zuwa baki, in ka biyo ta baki zuwa gindi zaka iya kama bakin harshen ka tanƙware shi. Kuma kar kace zaka hura da ƙarfi ya fita, da haka ake kashe harshen da ke kusa dashi.

In ka share baka ga komai ba amma har yanzu shiru, ko yana tashi in ka hura a hankali ya ɗauke in ka ƙara ƙarfi, to maganar tazara ce, kuma nan ne nake so ka nutsu domin rabin gyaran hamonika a nan yake. Harshe baya kwanciya daf da faranti, bakinsa yana ɗan ɗagowa kaɗan, ta wannan ƴar kafar iska ke fara kama shi. In kafar tayi ƙanƙanta harshen yana amsa numfashi mai laushi amma da ka matsa sai ya shaƙe. In tayi yawa kuma sai kaji iska tana wucewa fuuu kafin sauti ya zo, kana ta wahala numfashi yana ƙarewa. Ma'aunin da ake farawa dashi shine tazarar ta kai kamar kaurin bakin harshen kansa, dogayen harsuna na ƙasa suna son ta da ɗan yawa, gajerun na sama kaɗan suke so, kuma in ka kalli farantin ta gefe ya kamata kaga tana raguwa a jere daga rami na 1 zuwa na 10. Wanda ya fita daga jerin shine mai laifi.

Yadda ake gyarawa, ba lanƙwasawa ake yi ba, lallashi ne. Ka sa tsinke ko farce wajen tsakiyar harshen zuwa gindi, ka tura shi ɓangaren da kake so ya koma, kaɗan, ka sake, ka sake turawa, sau uku sau huɗu. Sai ka ɗan ɗaga bakinsa ka sake shi yayi ƙara tin, kayi haka sau da yawa, wannan ne ke sa tagullar ta zauna a sabon wajenta, in baka yi ba gobe zaka tarar ta koma inda take. Sannan ka riƙe murafen da yatsu ka gwada. Ni da nake farawa na taɓa tura wani harshe da ƙarfi ta wajen baki ya tanƙware, na yi ta ƙoƙarin miƙe shi bai ƙara dawowa daidai ba, abin ya dame ni sosai don hamonikar kyauta aka bani. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya samo ta banza mai araha ya koya a kanta tukun. Wani abu kuma da mutane ke mantawa, harsuna biyun da ke rami ɗaya tare suke aiki, musamman lokacin bendin. In rami na 3 yana shan iska a zuƙa, sau da yawa harshen hurawa ne ya buɗe da yawa iska ke bi ta can, sai ka rage tasa tazarar kaga na zuƙan ya farfaɗo.

Yanzu katako. Wanda ya baka shawarar jiƙawa ba ƙirƙira yayi ba, tsofaffin masu busa salon kiɗan bulus (blues) a Amurka sun yi hakan, suna tsoma ta a ruwa kafin su hau wasa saboda katakon ya kumbura ya toshe duk inda iska ke zurarewa, sauti ya ƙara ƙarfi. Amma su in ta lalace sabuwa suke saya don a lokacinsu araha ce. Abinda ke biyo baya shine wanda ka gani: haƙoran kum ɗin su turo waje su yanki leɓe, in ya bushe kuma ya tsuke ya karkace, yoyon iska ya fi na da. A wajenmu abin ya fi muni ma, damina katako ya sha laima, hunturu yazo ya busar dashi ƙayau.

Abinda zakayi, ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana huɗu ko biyar, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba. Kar ka yanke haƙoran da suka turo tun suna jiƙe, in ka yanke yanzu suna bushewa zasu shige ciki su bar bakin faranti a waje, shi kuma ya fi katako kaifi. In ta bushe sai ka kwance ta. In sukuru ne a jiki aikin mai sauƙi ne, ƙaramar sukudireba irin ta masu gyaran waya ko masu gyaran agogo ta isa. In ƙusoshi ne, irin ƙirar Marine Band da kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus yake yi tun 1896 da katakon itacen pear, to sai ka zura siririyar wuƙa tsakanin faranti da katako kana ɗagawa kaɗan kaɗan ta kowane gefe, kar ka ɗaga ta gefe ɗaya farantin ya tanƙware. Ka soka ƙusoshin a jikin kwali yadda suke a jere don kowace ta koma raminta. Masu gyara da yawa daga nan suke huda su mayar da ita ta sukuru don gaba, nima haka nake yi.

Sai ka samu gilashi mai kauri, ka shimfiɗa samfefa a kai, lamba 240 da farko sannan 400, ka ɗora kum ɗin kana zagayawa dashi a hankali da nauyin hannu ɗaya ko'ina. Ka ɗan zana fensir a fuskarsa kafin ka fara, in zanen ya goge duka ya miƙe kenan, ka tsaya. Haƙoran nan suna karyewa da wuri in katako ya bushe, kayi a hankali. Ka goge bakinsu su daidaita ka kashe musu kusurwa don leɓe. Sannan ka toshe katakon kada ya ƙara shan ruwa, ni kakin zuma nake narkarwa in shafa in goge, domin abu ne da zai shiga bakinka kullum. Banda fenti ko banish ɗin kafinta, banda man gyaɗa shima don yana yin ɗoyi in ya daɗe. Farantin ƙasa shima ana goga fuskarsa ta ciki a kan gilashin, tunda ita babu harsuna a jikinta sai ƴan kawunan ribit da suka turo, wannan kaɗai yana rage yoyo sosai. Na sama kar ka gwada, harsunansa a ta nan suke. Tunda farantan suna hannunka ka wanke su da ruwa mai ɗumi da buroshin haƙori mai laushi, daga gindi zuwa baki, su bushe sarai. Wajen ɗaurewa ka fara da sukurun tsakiya, kuma da zarar ya kama ka tsaya, ɗaurin ƙarfi yana ɗaga farantin a tsakanin sukurai ya dawo maka da yoyon da ka gama kashewa.

To saura na 4, wanda nace ina tsoro. Rami na 4 da na 5 a zuƙa su suka fi mutuwa a hannun masu koyo, na 4 saboda a kansa kowa ke koyon bendin kuma da ƙarfi ake yi, na 5 kuma saboda E ne da F, rabin mataki ne kawai tsakaninsu, babu cikakken bendin a wajen amma mutum yayi ta ja yana neman abinda babu. Tagulla in ta sha lanƙwasa fiye da ƙima sai tayi ɗan tsagewa kusa da gindi wanda ido baya gani, sauti ya fara sauka. Amma wani lokacin busasshen yawu ne kawai ya taru a bakin harshen ya ƙara masa nauyi, shi yasa nace ka wanke tukun. Bayan wankin ka ɗaga bakinsa ka sake, ka yi wa na 3 da na 5 haka ka kwatanta. Mai lafiya yana ƙara yana ja, wanda ya gaji sai kaji ƙararsa a dushe ta mutu nan take.

In ƙararsa da kyau to saiti ne, ana yi. Ƙa'idar ɗaya ce: ka rage ƙarfe a baki sauti ya hau, ka rage kusa da gindi sauti ya sauka. Naka hawa kake so, sai ka zura wani siririn abu a ƙarƙashin harshen ya tallafe shi, fila geji na makanikai mai 0.05 na milimita shi yafi, in babu takarda mai ɗan ƙarfi ma tana yi. Ka naɗe samfefa 400 a jikin tsinke ka goga a saman bakin harshen, bisa tsawonsa, sau biyu ko uku kacal. Ka cire tallafin, ka kaɗa shi, ka mayar da murfi ka gwada da numfashi mai laushi. Ka sauke manhajar tuna (tuner, mai auna sauti) a wayarka amma ka saita ma'aunin sautin A ɗinta a 442 ko 443, domin masana'antu suna ɗaga saitin sama da 440 da gangan, numfashi da ɗumin baki suna ɗan sauke sautin lokacin busa. Kunne ma alƙali ne mai kyau: rami na 1 da na 4 a zuƙa duk D ne, ka buɗe baki a kan 1 zuwa 4 ka toshe 2 da 3 da harshenka ka zuƙa, in kaji sautin yana rawa wawawa basu haɗu ba, in rawar ta lafa sun haɗu. Gara ka tsaya yana ɗan ƙasa kaɗan ka dawo gobe ka ƙarasa, don bayan an taɓa harshe yana ɗan motsawa kafin ya zauna.

Akwai tarko a nan da ya kamata in faɗa maka. In ka bi ramukan da tuna zakaga 2, 5 da 8 a hurawa, da 3 da 7 a zuƙa, duk suna nuna ƙasa, wani lokacin har wajen sent 14 (sent 100 ne rabin mataki). Kar ka taɓa su. Da gangan aka yi haka don in ka haɗa rami uku ko huɗu sautin ya narke da juna yayi zaƙi. Akwai waɗanda ake saita su daidai da fiyano kamar Lee Oskar da kamfanin Tombo na Japan ke ƙerawa, su sun fi dacewa da mai bin waƙa sauti ɗaya ɗaya, amma masu katako irin taka yawanci saitin haɗi ne. Haka in wata rana ka sayi irin mai layi biyu na ramuka kaji tana rawa, ita haka aka yi ta, harshe biyu ne a kowane sauti an ɗan bambanta su.

In kuwa ka ɗaga na 4 ɗin ya hau, bayan minti goma ya sake sauka, ya mutu, kar ka ƙara kankara. Ka daina zuƙarsa da ƙarfi ma don yana iya ɓallewa ya shige baki. Mafita biyu ce. Ko ka canza farantan gaba ɗaya, Hohner da Lee Oskar da Seydel da Suzuki duk suna sayar da farantai daban, ko ka canza harshen shi kaɗai: a fitar da ribit ɗin da ɗan ƙaramin fanci, a ciro harshe mai tsawo da sauti iri ɗaya daga wata matacciyar hamonika ta kamfani ɗaya, a kafe shi da sabon ribit ko ƙaramin sukuru mai milimita 1.4, a daidaita shi a tsakiyar tsaga ta hanyar ɗagawa a haske har kaga hasken gefe da gefe yayi daidai, sannan tazara, sannan saiti. Mai gyaran agogo mai nutsuwa in ka zauna kusa dashi ka nuna masa zai iya, hannunsa ya saba da abinda ya fi wannan ƙanƙanta. Na Suzuki dai walda ake musu ba ribit ba, su canza faranti ya fi sauƙi.

Maganar ƙawata ta yadda ƙwararru ke yi, irin aikin da Joe Filisko na jihar Illinois ya shahara dashi, akwai matse bakin tsaga da wani abu mai santsi kamar gefen kwabo don iska ta rage zurarewa, yana sa ta amsa da wuri amma in ka wuce kaɗan harshen ya fara gogar bango yana zizi, ni bana ba wanda bai shekara ba shawarar ya fara. Wanda nake ganin zai amfane ka nan gaba shine canjin saiti da Brendan Power ɗan ƙasar New Zealand ya fito dashi mai suna Paddy Richter. Tunda G ta maimaitu a rami na 2 da na 3, sai a ɗaga na 3 a hurawa ya koma A, harshe ɗaya tak ake taɓawa. Shi don kiɗan Ailan yayi, amma in kana son bin karin waƙoƙinmu masu tafiya a kan sauti biyar zakaji daɗinsa, domin A ɗin nan ta ƙasa in ba haka ba sai da bendin mai wuya ake samunta. Mataki guda cif ake ɗagawa, kankara ce mai yawa, sai hannunka ya faɗa tukun.

In ka gama ka mayar da ita, ka dinga kuskure baki kafin ka busa, musamman bayan shayi mai suga ko ƙuli-ƙuli, in ka gama ka buga ta a tafi ka barta ta sha iska kafin ta koma akwatinta, kar ka barta tsirara a aljihu ko a gaban mota cikin zafin bazara. In kuma ƙarshe sai ka sayi sabuwa, ka nemi mai kum ɗin roba da sukuru irin Special 20, ta fi jure yanayinmu kuma ana wanke ta ba fargaba, wannan tsohuwar kuma ka adana ta, harshe 19 masu rai ne a cikinta da zasu yi maka amfani ranar da wani ya mutu a sabuwar in kamfaninsu ɗaya. Ka gwada na 2 da na 8 yau, na 4 ka bari sai katakon ya bushe ka wanke farantin, sannan ka gaya min irin ƙarar da yayi da ka kaɗa shi.